Kundin Aiki: Fileks ɗin Kyamara da Ke Ratsa Hinji

4 ga Fabrairu

Na buɗe wannan kundi ne saboda na gaji da tambayar kaina, "Wai me ya sa ma muka yi kaza?" bayan an kwana biyu. Muna gina wata ƙaramar na'urar hannu mai kyamara a jikin murfinta. Babban allon lantarki yana cikin gangar jiki, kyamara tana can a murfi, tsakaninsu akwai hinji, wato inda murfin ke juyawa. Dole hoto ya tsallake wannan wuri ko murfi yana buɗe ko yana kan hanyar rufewa, kuma sharaɗin da aka gindaya mana shi ne buɗewa da rufewa sau 50,000 ba tare da hoto ya yi ko gezau ba. Wayoyi barkatai ba za su iya ba. Sai fileks, siririn allon nan mai lanƙwasuwa, rawaya mai duhu, wanda duk mai taɓa buɗe wayar salula ya san shi.

Abin da zai bi ta kansa: tagwayen layi guda uku na MIPI CSI-2, tsarin da kyamara ke aika hoto da shi, biyu na bayanai ɗaya na agogo, sai layi biyu na I2C da ake ba kyamara umarni da su, sai wuta da giraun, wato hanyar da wuta ke bi ta dawo. Tsawonsa milimita 140. Kowane tagwayen bayanai zai ɗauki gigabit 1 a daƙiƙa, wato bit guda yana cin nanosakan 1. Sigina a kan irin wannan allo tana cin kusan fikosakan 6 a kowace milimita, don haka tafiyar gaba ɗaya fikosakan 840 ce. Kafin bit ɗin farko ya gama isa, na biyu ya kusa kama hanya. Ga shi ƙarfin siginar milibolt 200 ne kacal. Abu kaɗan zai taɓa ta ta rikice.

6 ga Fabrairu

Kafin in taɓa kwamfuta, na zana fileks ɗin a takarda daidai girmansa, na yanke da almakashi, na cusa cikin kwanson gwaji. Minti goma takarda ta nuna mini abin da zanen kwamfuta ya ɓoye: tana ratsa hinji sai ta karye kwana, kamar an ninke wasiƙa. Gurbin da aka bar mini radiyos ɗinsa milimita 2 ne.

Na ɗauki takardar na je wurin abokin aikina mai zanen kwanso. Na ce, "Injiniya, a nan fa tagulla za ta mutu." Ya ce, "Haba Malam, ba sunansa mai lanƙwasuwa ba?" Muka kai ruwa rana. Shi yana kare kaurin na'ura, ni ina kare tagulla. A ƙarshe ya matsar da wani dunƙule ya ba ni milimita 5, yana cewa ko rabin milimita ba zan ƙara samu ba.

11 ga Fabrairu

Kwana uku ina kan tsarin hawa-hawa, a nan ne aikin yake gaba ɗaya.

Gindin fileks foliyimid ne, robar nan da kamfanin DuPont ya fitar da sunan Kapton a shekarun 1960. Tana jure zafin dalma, tana lanƙwasuwa ba ta tsage ba. Kaurin da aka fi samu mikron 12.5 ne, ko 25, ko 50 (mikron 1,000 ne milimita ɗaya). A kanta ake shimfiɗa tagulla mai mikron 12, 18 ko 35. Bayan an fitar da layuka sai a rufe da mayafi, wanda shi ma foliyimid ne mai gam a cikinsa, domin koren fentin da ake shafa wa allo mai tauri tsagewa yake idan aka yi ta lanƙwasa shi.

Sigina tana son imfidans ɗin kowane tagwaye ya tsaya a om 100 daga farko har ƙarshe. Imfidans ɗin nan ba turjiyar da mita ke aunawa ba ce. Turjiya ce da sigina mai gudu ke ji yayin da take tafiya, kuma faɗin layi, kaurinsa, tazararsa da ɗan'uwansa da nisansa daga giraun su ke yanke ta. Duk inda ta sauya, wani ɓangare na siginar sai ya juyo baya kamar amsa-kuwwa. Idan ta faɗi daga 100 zuwa 85, kusan kashi 8 cikin 100 ne ke dawowa.

Hanya mafi sauƙi ita ce hawa biyu: layuka a sama, shimfiɗar giraun a ƙasa. Na buga lissafi. A kan foliyimid mai mikron 25, giraun ta yi kusa ainun, sai layi ya sirance ƙasa da mikron 50 kafin a samu abin da ake so, kuma masana'antar da za mu yi aiki da ita ba ta lamunce wannan sirantaka ba. A kan mai mikron 50, layin yana kaiwa wajen mikron 70 zuwa 80. Wannan ana iyawa. To amma ga lissafin lanƙwasa.

Idan ka lanƙwasa kowane abu, bayansa yana miƙewa, cikinsa yana matsewa, a tsakiya kuma akwai wani layi da ba ya miƙewa ba ya matsewa. Ni ina kiransa ɗan ba-ruwanmu. Yawan miƙewar tagulla shi ne nisanta daga wannan layi a raba da radiyos. A hawa biyu, bayan tagulla yana mikron 43 daga tsakiya, wato rabin 50 a haɗa da 18. A raba da milimita 5, an samu kashi 0.86 cikin 100. Adadin da ake aiki da shi a lissafin ƙa'idar zanen fileks ta IPC-2223 ga fileks mai motsi kullum kuwa kashi 0.3 ne. Mun ninka shi kusan sau uku. Gaba kura, baya sayaki: in na ƙara kauri don sigina, tagulla ta karye, in na rage don tagulla, sigina ta lalace.

Shawarar da na yanke ita ce a raba fileks ɗin gida uku. Gefe da gefe, inda ba motsi, hawa biyu. A tsakiya, milimita 30 da ke cikin hinji, hawa ɗaya tak: a cire tagullar ƙasa da mayafinta, a bar foliyimid mikron 50 a ƙasa, tagulla 18, mayafi mai mikron 25 da gam 25 a sama. Tagulla ta zauna daram a kan ɗan ba-ruwanmu. Bayanta mikron 9 ne daga tsakiya, miƙewa kashi 0.18. Giraun a wannan yanki sai dai ta bi gefe, layin giraun a hagu da dama na kowane tagwaye.

14 ga Fabrairu

Tagulla iri biyu ce, kuma a ido ba ka bambanta su. Akwai ED, wadda ake tarawa da wutar lantarki daga cikin ruwan sinadari. Ƙwayoyinta a tsaye suke kamar ginshiƙai, tsaga tana samun hanya ta bi tsakaninsu ta ratsa daga sama har ƙasa. Akwai RA, wadda ake murje ta da abin naɗi har ta yi siriri sannan a gasa ta ta yi laushi. Ƙwayoyinta a kwance suke suna hawa kan juna. Na rubuta RA a zane da manyan baƙaƙe, na ƙara da cewa hanyar murzawar ta bi tsawon fileks. Na kuma zaɓi gindi marar gam tsakanin tagulla da foliyimid: ya fi siriri, ya fi jure zafi.

19 ga Fabrairu

An gama zanen layuka a manhajar KiCad. Ƙananan abubuwa ne da yawa, ba zan tsaya a kan kowanne ba. Layuka suna tsallake lanƙwasa a miƙe, ba a karkace ba. Babu kwana mai kaifi ko ɗaya, duk baka-baka ne. Inda layi ke shiga filin dalma na faɗaɗa wuyansa kamar ɗigon hawaye, don nan ne yake yawan tsinkewa. Babu ramin haɗi, wato ramin da ke haɗa tagullar sama da ta ƙasa, a cikin yankin motsi, na janye su milimita 2 daga bakinsa.

Abu biyu ne suka ci mini lokaci. Na farko giraun ɗin yankin hawa biyu. Na yi ta raga maimakon shimfiɗa cikakkiya, saboda raga tana rage tauri, tana kuma ɗaga imfidans, sai in samu damar faɗaɗa layi zuwa mikron 100. Amma raga tana da sharri. Idan ɗaya daga cikin tagwaye ya hau kan zaren raga, ɗayan kuma ya bi ta kan ramuka, to ba tagwaye ba ne kuma, kowa da abin da yake ji. Na karkata ragar digiri 45, na daidaita ta yadda abin da ke ƙarƙashin na hagu shi ne ke ƙarƙashin na dama.

Na biyu, hanyar dawowar wuta. Mutane suna zana layin da sigina ke tafiya su manta cewa duk wutar da ta tafi sai ta dawo. A saurin nan ba ta neman gajeriyar hanya, manne wa layinta take, ta bi ƙarƙashinsa. A bakin hinji giraun ɗin ƙasa ta ƙare, dole wutar ta hau sama ta koma layukan gefe. In ba ka gina mata matakala a daidai wurin ba, sai ta zagaya ta nemo wata, zagayen nan kuma shi ne eriya. Na sa ramukan haɗi biyu-biyu a gefen kowane tagwaye, a duka bakin biyu.

Ƙarshen da zai shiga kanektar ZIF, wadda ake zura fileks a ciki a kulle, dole kaurinsa ya kai milimita 0.3, don haka an manna masa matokari na foliyimid a baya. Na tabbatar bakin matokarin ya shige ƙarƙashin mayafi, bai tsaya daidai inda mayafi ya ƙare ba, domin zinaren yatsun kanekta yana zaune ne a kan nikel, nikel kuwa ba ya lanƙwasuwa, fashewa yake.

An tura fayiloli.

10 ga Maris

Kaya sun iso, guda 20. Zumuɗi ya sa na yi abin da nake hana yara. Na ɗauki biyu na sa musu kanektar kyamara na tura cikin obin ɗin dalma kai tsaye. Suka fito da ƙuraje, mayafi ya kumbura ya rabu da tagulla a wuri uku. Foliyimid mashayin danshi ne, yana iya shan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa daga iska kawai. Zafin obin ya haura digiri 240, ruwan ya zama tururi, ya rasa mafita. Maganin kowa ya san shi: a gasa a digiri 120 na awa biyu zuwa huɗu kafin dalma. Na gasa sauran, ba wanda ya ƙara kumbura. Saura 18.

12 ga Maris

Hoto ya fito! Tas, babu ko ɗigo. Injiniya ya leƙo ya ce, "To Malam, ka ga duk hayaniyarka ta banza." Ban tanka ba, na haɗa TDR, na'urar da ke harba sigina mai kaifi cikin layi ta saurari abin da ya dawo, ta zana maka imfidans taki-taki. Ta nuna wajen om 86 daga farko har ƙarshe, ba 100 ba. Da a wuri ɗaya ne ta faɗi, da na ce kuskuren zanena ne a bakin hinji. Faɗuwa bai-ɗaya kuwa na nufin wani abu ya sauya a jikin kayan gaba ɗaya. Hoton ido, zanen da na'urar osiloskof ke yi don nuna tsabtar sigina, a buɗe yake, sai dai ya ɗan lumshe. Ruwa ba ya tsami banza.

17 ga Maris

Mun harhaɗa injin gwaji: ƙaramin injin juyi yana buɗe murfin roba yana rufewa, sau ɗaya kowace daƙiƙa 3, wato 1,200 a awa. Kyamara tana kunne, kwamfuta tana ƙirga kurakurai. Kowane ƙunshin bayanai na CSI-2 yana tafe da lambar tantancewa ta CRC a wutsiyarsa, in bit ɗaya ya sauya a hanya, mai karɓa zai gane. Na sa a riƙa rubuta kuskure tare da kusurwar murfi a lokacin.

Muka kunna da yamma muka tafi. Da safe yarinyar da ke kula da ɗakin gwaji ta tare ni a ƙofa: "Yallaɓai, zo ka ga abin mamaki." Murfi na tashi, hoto lafiya lau. Yana kaiwa wajen digiri 100, sai wasu layuka kore da shunayya su gifta a tsakiyar allo, fat, su ɓace. Ya wuce wurin, hoto ya koma garau. Duk zagaye haka, a kusurwa ɗaya, kamar an saita. Kurakuran sun fara ne bayan zagaye 9,000 da 'yan kai.

Na cire fileks ɗin na shimfiɗa a tebur na sa mita. Kowane layi yana ƙara, lafiyarsa ƙalau. Wannan ita ce muguntar tsagar gajiya: a kwance bakinta a rufe yake, sai an lanƙwasa take buɗewa. Da a hannun mai saye abin ya faru, mai gyara zai auna ya rantse babu matsala. Biyu da muka ƙara gwadawa su ma ba su kai 15,000 ba.

20 ga Maris

Mun yanki yankin hinji, muka zuba shi cikin gam mai daskarewa, muka goge fuskar har ta yi sheƙi, muka ɗan taɓa ta da sinadari don ƙwayoyin tagulla su fito, muka sa a madubin ƙara girma. Allura ta tono garma. Tagullar hawa biyu ce, da layi a tsakani ƙarara. Ta ƙasa RA ce, mikron 18, ƙwayoyi a kwance yadda na nema. A kanta akwai wata mai kusan mikron 20, ƙwayoyi a tsaye. Tsagar ta faro daga saman wannan, ta gangaro tsakanin ginshiƙai, ta shiga RA ta raba ta.

Ga yadda aka yi. Ramukan haɗi ba sa haɗa sama da ƙasa sai an yi wa bangonsu filatin na tagulla. Hanya mafi sauƙi ga masana'anta ita ce a tsoma farantin gaba ɗaya cikin ruwan filatin, tagulla ta hau ko'ina, rami da fili. Ni na sayi RA, aka yafa mata ED a kai. Kauri ya ninka, miƙewa ta ninka ta haura kashi 0.3, kuma ɓangaren da ya fi miƙewa shi ne marar juriya. Kaurin nan kuma shi ya ja imfidans ƙasa, domin tagwaye masu kauri suna fuskantar juna da faffaɗan gefe. Cuta ɗaya, alamu biyu.

Na fusata na buɗe zanen don in samu hujjar rubuta musu wasiƙa mai zafi. Na karanta bayanan ƙasa sau uku. Na faɗi irin tagulla, na faɗi kaurinta kafin aiki. Ban ce uffan a kan filatin ba, ban faɗi kaurin ƙarshe ba. Har imfidans ɗin, a saƙo na ambata, ban sa a zane a matsayin sharaɗi ba. Sun yi abin da suka saba yi wa kowa. Ina ganin da sun kyauta da sun tambaya, tunda siffar abin ta nuna na motsi ne, amma wasiƙar dai ban rubuta ba.

24 ga Maris

Zane na biyu. Layuka ban taɓa su sosai ba, bayanan ƙasa ne suka tashi daga layi 6 zuwa 17. Filatin a ramuka da bakinsu kawai, irin wanda ake kira na maɓalli, sauran fili a rufe. Kaurin tagulla na ƙarshe a yankin hinji mikron 18. An zagaye yankin an rubuta cewa mai motsi ne, da radiyos da yawan zagaye. Om 100, sassaucin kashi 10 sama ko ƙasa, a auna a kan ɗan guntun gwaji da za a buga a gefen kowane faranti, a aiko da sakamako. Karɓar kaya bisa ƙa'idar ingancin fileks ta IPC-6013. Na kuma nemi su aiko da nasu tsarin hawa-hawa in sa hannu kafin su fara. Da suka aiko, gam ɗin mayafinsu ya bambanta da wanda na yi lissafi da shi, muka rage faɗin layi kaɗan. Da ban nema ba, da an sake maimaitawa.

16 ga Afrilu

Kashi na biyu ya iso ranar 11. An gasa. TDR tana yawo tsakanin om 96 da 103, da ɗan tudu a kowane bakin hinji inda giraun ke sauya hawa. Ido ya buɗe sosai. Guda uku a kan inji, awa 42 kowanne ya cika 50,000, kuskuren CRC sifili. Na bar ɗaya yana ci gaba don in ga inda zai mutu.

22 ga Afrilu

Tsugune ba ta ƙare ba. Duk gwajin baya a murfin roba aka yi. Yau aka kawo kwanso na gaske, hinjinsa na alminiyom. Muka haɗa, TDR ta nuna rami, wato faɗuwar imfidans, a tsakiyar yankin motsi, yana zurfafa idan murfi ya rufe, yana cikewa idan ya buɗe. Dalili a fili yake, kuma ya kamata in hango shi tun Fabrairu. A yankin hawa ɗaya babu giraun a ƙasa da za ta kare layuka, don haka duk ƙarfen da ya matso sai ya zama giraun ɗin da ba a gayyata ba. Idan murfi ya rufe, fileks yana kwanciya a kan sandar hinji, tsakaninsu mikron 50 kawai.

Na koma wurin Injiniya. Wannan karon bai yi musu ba, ya kalli zanen TDR ɗin yana motsa murfi da hannunsa, ramin yana hawa yana sauka. Ya ce, "Ikon Allah. Nawa kake so?" Na ce rabin milimita ta roba a kan sandar. Ya yi dariya, don ya tuna rantsuwarsa. Ya sirantar da sandar ya sa mata hannun riga na roba, radiyos bai sauya ba. Ramin ya kusa shafewa.

29 ga Afrilu

Sabuwa ta ɓullo daga wajen masu gwajin rediyo: idan kyamara tana aiki, Wi-Fi na gigahaz 2.4 yana rage jin nesa, kuma eriyarsa tana kusa da hinji. Da suka naɗe yankin da tef na tagulla suka haɗa shi da giraun, abin ya ragu sosai. To daga nan hayaniyar sigina take fita.

Tef ba zai jure motsi ba. Abin da ake amfani da shi siririyar fatar kariya ce mai ɗauke da ƙarfe, ana manna ta a kan mayafi, gam ɗinta mai ɗaukar wuta yana taɓa giraun ta wasu ƙananan tagogi. Sai dai ita ma ƙarfe ce kusa da layi, za ta ja imfidans ƙasa, dole in sirantar da layuka ko in buɗa tazarar tagwaye. In na manna ta a fuska ɗaya, ɗan ba-ruwanmu ya gusa daga tsakiyar tagulla. In na manna fuska biyu, kauri ya ƙaru. Wani ya kawo shawarar mu koma LCP, robar da kusan ba ta shan danshi kuma ba ta cinye sigina kamar foliyimid. Kaya ne mai kyau, amma a gigabit 1 da milimita 140 ba asarar sigina ke damunmu ba, kuma ba zai toshe yoyon ba. Na ajiye shawarar.

Na nemi samfuri iri biyu, mai fata a fuska ɗaya da mai fuska biyu, biyar-biyar, kowanne da nasa faɗin layi. Kafin su iso zan gwada matsar da saurin agogon kyamara kaɗan in ga ko hayaniyar za ta kauce wa tashoshin Wi-Fi. Wancan fileks da na bari a kan inji ya wuce 300,000 da safiyar yau, har yanzu sifili. Injin juyin ne ma ya fara ƙara, an ce gobe za a canza masa giya.